Maɓallin da ke amsa sallama a madadin mai gida

Kawuna ya yi shekara talatin da biyar yana koyarwa a makarantun firamare na ƙasar Makarfi. Da kuɗin sallamarsa suka fito, bai yi dogon shawara ba ya zuba su a bulo da kwano. A filin da ke bayan gidansa ya gina ɗakuna shida, kowanne da banɗakinsa. Huɗu ya ba ɗaliban Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Shehu Idris haya ta shekara. Biyun da suka rage ya sa musu gado da katifa da fanka da labule, ya ce na baƙi ne: fataken da ke zuwa sayen rake da mazarƙwaila, iyayen da ke zuwa duba 'ya'yansu ɗalibai, ma'aikatan allurar rigakafi, da 'yan biki idan gidan ango ya yi musu kaɗan. Wannan ita ce hayar kwanaki da mutanen Legas da Abuja ke kira shotlet, sai dai a unguwarsu Kawu sunanta ɗakunan Malam.

Babban ɗansa, wanda abokin wasana ne kuma ya karanci kwamfuta a Zariya, shi ya ɗauki hotunan ɗakunan ya ɗora a ɗaya daga cikin manhajojin kama masauki na intanet, ya kuma haɗa wani ɗan talla da yake yaɗawa a WhatsApp. A wajen rajista manhajar ta yi masa tambaya guda: duk wanda ya zaɓi ranaku ya biya, ɗaki ya zama nasa nan take, ko kuwa sai ya aiko da roƙo mai gida ya duba ya amince? Ya zaɓi na farko. Da na tambaye shi dalili daga baya, cewa ya yi ai haka duniya take tafiya yanzu, ba wanda ke da lokacin jira.

A kan wannan tambayar nake son mu tsaya yau, domin gine-gine irin na Kawu suna ƙaruwa a garuruwanmu, kuma yawancin masu su 'yan fansho ne ko ma'aikata da ke zaune a Kaduna ko Abuja suna neman abin da zai riƙa ɗigo musu. Ra'ayina shi ne sabon mai masauki a gari irin Makarfi ko Ikara ko Hunkuyi kada ya kunna wannan maɓalli a watanninsa na farko. Amma dalilina ya sha bamban da wanda aka fi bayarwa, wato tsoron mugun baƙo. Kuma kashe maɓallin ma yana da nasa haɗarin, wanda na gano shi ta hanyar wani kuskure da ni kaina na tafka.

Yadda abin yake aiki

Kamfanin Airbnb, wanda ya yaɗa wannan sana'a a duniya, ya samo asali ne a birnin San Faransisko na Amurka. A 2007 wasu samari biyu, Brian Chesky da Joe Gebbia, suka shimfiɗa katifun iska a falonsu suka saukar da mutum uku da suka zo wani taro suka rasa otal. A 2008 abin ya zama kamfani, tare da na ukunsu Nathan Blecharczyk. Tsarinsa na asali irin na roƙo ne: baƙo ya aiko da buƙata, mai gida yana da awa 24 ya amsa ko ya ƙi. Daga baya aka ƙara tsarin da suke kira Instant Book, inda manhaja ke cewa "to" a madadin mai gida muddin kalanda ta nuna ranakun a buɗe suke. Booking.com kuwa, wanda ya taso daga harkar otal-otal a ƙasar Holan, tabbatarwa nan take ce al'adarsa tun farko.

Amfanin tsarin a bayyane yake. Matafiyin da ya gaji ba ya son ya aika roƙo gida uku ya zauna jiran wanda zai fara amsawa. Mai neman ɗaki yana iya tace sakamakon bincikensa ya bar gidajen da ke karɓa nan take kawai, wanda ke nufin gidan da ya kashe maɓallin ba zai ma bayyana a gabansa ba. Ga sabon mai masauki da ba wanda ya taɓa kwana a gidansa balle ya yi masa shaida, wannan babban kwaɗayi ne, domin baƙin farko su ne mafi wuyar samu.

Sai dai tsarin yana tafe da sharaɗi. Idan manhaja ta amsa a madadinka, alkawarin naka ne. Mai gidan da ya soke kamun da aka riga aka tabbatar ba tare da uzurin da kamfani ya yarda da shi ba, ana iya cin sa tara, a kuma toshe masa waɗannan ranakun yadda ba zai sake sayar da su ba. Matsayin da Airbnb ke kira Superhost, wanda ke ɗaga gida a idon baƙi, yana buƙatar makin 4.8 cikin 5, da amsa kashi 90 cikin 100 na saƙonni cikin kwana guda, da sokewa ƙasa da kashi 1 cikin 100. Yi lissafin da kanka: wanda ya saukar da baƙi ɗari biyu ya soke guda yana nan cikin layi, amma wanda kamunsa goma ne kacal ya soke guda ya kai kashi 10. Haka ma maki. Mutum biyu su ba ka biyar biyar, na uku ya fusata ya ba ka biyu, ka sauko huɗu, kuma da wannan lambar za a fara saninka.

Kada mai karatu ya ɗauka maganar ta masu manhajar ƙasashen waje ce kawai. Tallan da abokin wasana ya yaɗa a WhatsApp yana ɗauke da lambar asusu da jimla ɗaya: "Tura kuɗi, turo shaida, ɗaki naka ne." Wannan ma karɓa nan take ne, kuma shi ya fi yawa a wurinmu. Duk abin da zan faɗa ya shafe shi.

Wani dare a watan Oktoba

A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. Kowa ya tuna yadda shagunan cajin waya suka cika. A cikin waɗannan kwanakin aka yi rasuwa a dangin matar Kawu, 'yan ta'aziyya suka zo daga Hunkuyi da Likoro, wasu tsofaffi daga cikinsu dare ya yi musu. Kawu ya yi abin da kowane dattijo zai yi: ya ɗauko makullai ya buɗe musu ɗakunan baƙi biyun. Bai gaya wa ɗansa ba, domin a ganinsa ba abin faɗa ba ne, kuma ɗan yana Zariya wayarsa na shagon caji.

Da yammacin ranar wani mutum da matarsa da jaririnsu, suna hanyarsu daga Abuja zuwa wani ɗaurin aure, suka duba manhaja suka ga ɗaki a buɗe, suka biya, aka tabbatar musu. Bayan sallar isha'i motarsu ta tsaya a ƙofar gidan. Kawu ya fito da tocila ya tarar da baƙo yana nuna masa fuskar waya.

"Baba, mun biya. Ga shi an ce ɗaki namu ne."

"Wa ya ce?" in ji Kawu.

Ba gardama yake yi ba, tambayar gaskiya ce. A iya saninsa, ɗaki ba ya zama na mutum sai mai shi ya ce. Amma ya dubi matar da jaririn a kafaɗarta, ya ga kuma ba hanyar da zai tashi surukansa daga barci a ranar makoki. Ya sa aka share ɗakinsa na turaka aka sauya zanin gado, ya ba su, shi kuma ya shimfiɗa tabarma a zaure. Da safe ya sa aka mayar musu da kuɗinsu gaba ɗaya. Mutanen kirki ne, sun yi godiya, amma a shafin manhajar sun rubuta gaskiya: ɗakin da suka gani a hoto ba shi suka samu ba, kuma ba wuta.

Abin lura shi ne babu mugu a labarin nan. Baƙon bai zo da wata ɓoyayyiyar niyya ba, manhajar ta yi abin da aka ce ta yi. Matsalar ita ce kalanda biyu ake da su: ɗaya a waya, ɗaya a kan Kawu. Ta wayar ba ta san rasuwa ba, ba ta san suna ko biki ba, ba ta san cewa a gidan Bahaushe haƙƙin suruki yana gaba da na mai kuɗi ba. Otal yana iya karɓa nan take saboda ɗakunansa ba su da wani aiki sai haya, yana da ma'aikaci a kanta dare da rana, yana da janareta, kuma idan ɗaki ɗaya ya samu matsala akwai wani. Mai ɗaki biyu a bayan gidansa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan a ranar da ya fara. Bai ma san gidansa ba tukuna: bai san awa nawa gyaran ɗaki ke ci tsakanin baƙo da baƙo ba, bai san kwana nawa tankin ruwa ke yi idan famfo bai samu wuta ba, bai san wane wata ne rufin ke yoyo ba. Awa 24 ɗin da tsarin roƙo ke ba shi dama ce ta ya leƙa ɗakin da idonsa kafin ya ɗauki alkawari.

Fatoma da lamuni

Saukar baƙo don kuɗi ba sabuwar sana'a ba ce a ƙasar Hausa. Muna da kalmarta tun zamanin ayarin fatake: fatoma, mutumin da ke sauke matafiya, ya ajiye musu kaya, ya nemo musu masu saye. A zangunan Kurmi da Gwanja ana ce masa mai gida. Masanin halayyar al'umma Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma wallafa littafinsa a 1969, ya bayyana yadda cinikin shanu da goro ya dogara kacokan a kan waɗannan masu gidaje. Falke ya kawo shanu daga Arewa ya sauka gidan mai gidansa. Dillalan mai gidan su sayar wa mahauta Yarabawa bashi, kuma mai gidan ne ke tsaya wa bashin: idan mahauci ya gaza biya, a wuyansa abin yake. Polly Hill ta rubuta irin wannan a 1966 game da kasuwar shanu ta Kumasi.

Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne lamuni. Falke ba ya faɗowa gidan fatoma daga sama. Ko ubansa ya taɓa sauka a nan, ko wani abokin fatauci ya kwatanta masa, ko ya zo da saƙon wani da mai gidan ya sani. Tambayar "wa ya aiko ka?" ba wulaƙanci ba ce a lokacin, hanya ce ta gano wanda za a nema idan wani abu ya faru. Kuma wanda ya daɗe yana zuwa ba a sake yi masa ita. Da ya yi sallama yara za su ɗauki kayansa zuwa ɗakin da ya saba. Wato fatoma ma yana da nasa karɓa nan take, amma ga wanda aka riga aka sani, bayan shekaru na mu'amala.

Manhajojin zamani sun yi ƙoƙarin ƙera lamuni da lambobi: tantance katin shaida, taurarin da masu gidaje ke ba baƙi, tarihin tafiye-tafiyen mutum. A Landan ko Nairobi, inda matafiyi ke iya zuwa da shaidar gidaje goma da ya kwana lafiya, wannan yana aiki daidai gwargwado, kuma Airbnb yana ba mai gida damar taƙaita karɓa nan take ga masu kyakkyawan tarihi kawai. A Makarfi kuwa, yawancin wanda zai nemi ɗakin Kawu ranar ce ta farko da ya buɗe asusu, ko kuma ta WhatsApp ya zo, inda babu tarihi sam. Mai sayen tumatir da barkono da ya nufi Ikara, garin da aka kafa wa kamfanin sarrafa tumatir tun farkon shekarun 1980, ba taurari yake yawo da su ba. Shaidarsa tana bakin dillalinsa.

Akwai kuma wani ɓangare da manhaja ba ta lissafa shi. A garuruwan masarautar Zazzau, kamar sauran ƙasar Hausa, baƙon da ya kwana a unguwa yana wuyan wanda ya sauke shi, kuma mai unguwa da dagaci suna da haƙƙin su san da shi. Matsalar tsaro ta shekarun nan ta ƙara wa wannan al'ada nauyi. Ɗakunan Kawu katanga ɗaya suke da ɗakunan ɗalibai mata da iyayensu suka damƙa masa amana, ƙofa ɗaya ce tsakaninsu da tsakar gidan iyalinsa. Ko a Amurka, inda gidajen haya ke tsaye su kaɗai, sai da Airbnb ya hana shirya casu a gidajensa, na wucin gadi a 2020 sannan dindindin a 2022, bayan abubuwa irin harbin da aka yi a garin Orinda na jihar Kalifoniya a 2019, inda mutum biyar suka mutu a wani gidan haya. Maƙwabta ne suka fi shan wahalar irin waɗannan, su da ba su sa hannu a kowace yarjejeniya ba.

Kuskurena

Bayan daren Oktoba abokin wasana ya kashe maɓallin, ya goge lambar asusu daga tallan. Ni ma na goyi bayansa, har na ɗauki kaina a matsayin mai ba da shawara, tunda ni ne ɗan jarida mai yawon gari gari. Muka yi yarjejeniya duk roƙon da ya shigo zai turo mini mu duba tare.

Bayan wasu makonni wani roƙo ya shigo. Mace ce, ita kaɗai, kwana uku. Sunanta ba na Musulmi ba ne, kuma daga jinsa ka san ba 'yar ƙasar nan ba ce. Ba ta rubuta komai ba sai gaisuwa da ranakun. Abokin wasana ya turo mini da alamar tambaya. Na duba na rubuta masa: "Mace ita kaɗai, ba mu san me ya kawo ta ba. Bar shi kawai." Ya amsa mata cewa ɗakin ba ya samuwa. Duk abin bai ɗauke mu minti biyu ba.

Sati biyu bayan haka ɗaya daga cikin ɗaliban da ke haya a gidan ta zo gaishe da matar Kawu, cikin hira ta ba da labarin wata ƙawarta 'yar ajinsu da ta kwanta rashin lafiya. Mahaifiyar yarinyar ta taso daga kudancin Kaduna don ta yi jinyarta, ta nemi ɗaki a nan gidan aka ce babu, sai ta kama a Zariya tana shigowa motar haya kullum da safe da kwanon abinci, tana komawa kafin magariba. Ɗalibar ba ƙorafi take yi ba, mamaki take, domin ta san ɗakunan a kulle suke duk satin.

Kawu ya kira ni a waya da daddare. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗana, kai ka ce a hana ta?"

"Ni ne, Kawu. Ba mu san ta ba ne."

"Kun tambaye ta?"

Ba ni da amsa. Ba mu tambaye ta ba. Da sunanta irin namu ne, na san da na ce a tambaye ta me ya kawo ta, ta faɗa, a ba ta ɗaki. Abin da na kira taka-tsantsan, idan aka tone shi, suna ne kawai na karanta na yanke hukunci. Ni da nake rubuta sharhi a jarida ina kukan yadda ake hana 'yan Arewa hayar gida a wasu biranen Kudu saboda sunayensu.

Wannan cuta ba tamu ba ce mu kaɗai, kuma an auna ta. A 2015 masu bincike uku daga Jami'ar Harvard, Benjamin Edelman da Michael Luca da Dan Svirsky, suka aika saƙonnin neman masauki kusan 6,400 ga masu gidaje a birane biyar na Amurka. Saƙonnin iri ɗaya ne, sunan mai aikawa kawai ake sauyawa. Suka gano cewa sunayen da aka san na baƙaƙen fata ne damarsu ta samun amincewa ta gaza ta sunayen fararen fata da kimanin kashi 16 cikin 100. Bayan hayaniyar da ta biyo baya, a Satumban 2016 Airbnb ya fitar da wani rahoto da mai fafutukar kare haƙƙin jama'a Laura Murphy ta jagoranta, kuma cikin matakan da ya ɗauka har da faɗaɗa karɓa nan take zuwa gidaje miliyan ɗaya. A 2018 ya daina nuna wa mai gida hoton baƙo sai bayan an tabbatar da kamu. Hikimar a fili take: maɓalli ba ya karanta suna, ba ya ganin launin fata.

Don haka duk wanda ya ce maka kashe maɓallin shi ne zaman lafiya, rabin labarin ya ba ka. Da a kunne yake a wancan satin, da matar nan ta kwana kusa da 'yarta. A jihar da ta sha ɗacin rabuwar addini da ƙabila irin Kaduna, inda har unguwannin babban birni suka rabu gida biyu bayan rikicin 2000, ƙaramin mai masauki da ke tace baƙi da sunayensu yana ƙara bulo ɗaya a katangar da ta riga ta yi tsawo.

Abin da muka tsayar

Da muka zauna a zauren Kawu bayan wannan, ba mu koma ga maɓallin ba, domin dalilan da suka sa aka kashe shi suna nan: wuta ba ta da tabbas, kalanda ba ta daidaita ba, dangi ba za su daina zuwa ba. Abin da muka gyara shi ne yadda ake amsa roƙo.

Na farko, Kawu ya ɗauko wani littafin rajista irin na makaranta, ya ja layuka da rula. Duk wanda zai kwana a ɗakunan, ko da ƙanin Kawu ne, sai an rubuta shi a nan, kuma a ranar ake kiran ɗansa ya toshe kwanakin a waya. Aka kuma cire ɗaki ɗaya daga intanet gaba ɗaya, ya zama na dangi da tsofaffin baƙi, don kada zumunci da ciniki su sake yin karo a ƙofa ɗaya.

Na biyu, aka rubuta tambayoyi huɗu da ake yi wa kowa, Musulmi ko Kirista, namiji ko mace, da kalmomi iri ɗaya: me ya kawo ka garin, ku nawa ne, ƙarfe nawa za ka iso, kuma wa ka sani a nan da za a iya kira. Wanda bai san kowa ba ba a korarsa, katin shaidarsa ya wadatar, kuma ana sanar da mai unguwa kamar yadda ake yi wa kowa. Wanda ya amsa, ɗaki kuma yana nan, an karɓe shi. Idan za a ƙi mutum, sai an rubuta dalili a littafin, a shafin da Kawu ke dubawa. Na lura cewa dalilin da mutum zai ji kunyar rubutawa da hannunsa, yawanci ba dalili ba ne.

Na uku, dokokin gida suka koma cikin tallan kansa, a fili: ba giya, ba kiɗa, ana rufe ƙofa ƙarfe goma, wuta ta sola ce kuma tana ɗaukar fitila da fanka da caji kawai, ruwa na rijiyar burtsatse ne. Wanda bai gamsu ba zai wuce tun kafin ya aiko roƙo, ba sai an zauna ana hasashen halinsa ba. A nan ina jan hankalin duk mai shirin shiga irin waɗannan manhajoji ya karanta ƙa'idarsu ta hana wariya tukuna. Airbnb, alal misali, ya haramta ƙin baƙo saboda ƙabila ko addini ko asalin ƙasa, kuma wasu sharuɗɗan da mu muke ɗauka al'adar gida ce suna iya cin karo da nasa. Gara a san wannan kafin a yi rajista.

Na huɗu, sauri. Babban abin da tsarin roƙo ke cutar da baƙo da shi shi ne jira. Awa 24 ta yi yawa ga wanda ke Tashar Yari rana na faɗuwa. Muka sa wa kanmu awa ɗaya da rana, aka kuma saya wa gidan ƙaramar waya da ke zaune a kan cajin sola.

To yaushe sabon mai masauki zai kunna maɓallin? Ba zan ƙirƙiro adadi in ce doka ce ba, amma alamomin a bayyane suke. Idan kalandar waya ta yi wata uku ba ta saɓa da ta littafi ba. Idan akwai wanda zai buɗe ƙofa ya miƙa makulli ko mai gida ya tafi jana'iza Paki. Idan wuta da ruwan da aka yi alkawari a talla ba su dogara da abin da ya fi ƙarfin mai gida ba. Idan baƙi sun taru har shaida ɗaya mara daɗi ba za ta rusa sunan gida ba. Ko a lokacin ma a fara da rabi: a kunna wa masu kyakkyawan tarihi, a sa sharaɗin sanarwa kwana ɗaya kafin isowa, a bar tazarar gyaran ɗaki tsakanin baƙo da baƙo. Duk waɗannan saituna ne da manhajar ke bayarwa, mutane ne ba sa buɗe shafin. Kuma mai gidan da ya lura cewa ƙin da yake yi ya fi faɗawa kan mutane masu suna iri ɗaya, shi kam gara ya kunna da wuri, domin maɓallin zai fi shi adalci.

Kawu ya sa ɗalibar nan ta karɓo masa lambar matar, ya kira ta da kansa ya ba ta haƙuri, ya ce laifin yaransa ne kuma nasa ne. Ta ce ba komai, yarinyar ma ta warke. Da aka zo bikin kammala karatun 'yarta ta sake neman ɗaki, wannan karon ta waya kai tsaye. A shafin ƙarshe na littafin rajistar Kawu akwai jerin sunaye da ya rubuta da jan biro, na waɗanda ba a yi musu tambayoyi huɗun: wani mai sayen mazarƙwaila daga Kano, wasu ma'aikatan rigakafi biyu, wani direban tirela. Da na je hutun sallah na buɗe shafin, na ga sunanta shi ne na bakwai.